Rafalin da Na Samo wa Auta

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauƙaƙa miki aikin asibiti. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana fita bakin ƙofa. Inna kuwa tana nan da mitar ba kya kira.

Maganar Auta ce ta sa na zauna rubutu. Kin san ta daɗe tana neman tallafin karatu, irin wanda ake ba mata masu karatun kimiyya. Ta samu wanda ya dace da ita, ta cike komai da kanta, sai makarantarsu ta tura su wani ƙauye gwajin ruwan rijiyoyi, inda waya ba ta kamawa sai an hau tudu. Daga can ta kira ni ina gareji, hannuna duk baƙin mai, ta ce in je shagon kwamfuta, abu ɗaya ya rage, a sa mata rafali biyu. Kafin in tambaya layin ya yanke.

Na je. Mai shagon ya buɗe shafin neman tallafin, ya bi da yatsa, ya ce lallai haka aka rubuta, rafali. Muka kalli juna. Na ce me ya haɗa kimiyya da ƙwallo? Ya ce wataƙila mutum mai adalci suke so ya tsaya mata. Wannan ta shiga kaina. Sai na nemo rafalin filinmu, wanda ko ƙaninsa ya yi ƙeta sai ya kore shi, ya ba da adireshin imel ɗinsa aka sa. Na biyun ne ban samu ba, don ɗayan rafalin da na sani, ni kaina ban yarda da busarsa ba.

Washegari rafalin filinmu ya zo da wayarsa, wai masu ba da tallafin sun aiko masa tambayoyi, har da yadda take a ɗakin gwaje-gwaje. Ya amsa musu cewa bai taɓa shiga ba, amma ya san ta tun tana goye, kuma ita ta gwada ruwan rijiyar bayan fili ta hana 'yan wasa sha, tun daga nan suka rabu da ciwon ciki. Ya tura yana murna.

Da Auta ta dawo ta ji, ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka. Ashe malamin da ya san aikinta ake nufi. Ta ce, "Rafali na ce maka, ba alƙalin wasa ba." Ni dai har yau a kunnena abu ɗaya ne. Mai shagon ya ce wanda ya riga ya amsa ba ya goguwa. Wata malamarsu ta ce ba komai muddin na biyun malami ne, wata kuma ta ce za a ture takardarta gefe. Ban san ta wa zan kama ba.

Gurbi ɗaya ya rage, kuma ƙarshen mako ake rufewa. Malamin da ke duba aikinta yana jami'ar garinku yana bincike, an tura masa saƙo shiru. Don Allah, Yaya, ki je da ƙafarki ki same shi. Na rubuta sunansa a bayan takardar nan. Ki tsaya a kansa har sai ya amsa. Kafin ki faɗa masa komai, ki tabbatar shi ɗin ne, kada ki yi irin tawa.

Baba da Inna suna gaishe ku. Ki gaida maigida da 'yan biyu. Auta ma tana gaisuwa, ta bakin Inna, don ni har yanzu ba ta yi mini magana.

Ƙaninki mai jiran amsa,
Bakanike