Ruwan Gaɓarmu Bayan Ruwan Sama

Zuwa ga ƙanena Tae-sik,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara maka ƙarfin jure sanyin Kanada. Mu nan tsibirin Wando lafiya lau, sai gwiwar Goggo Mal-sun da ke ta mita.

Ka san aikina a ɗakin gwaji: gansakukar teku nake rainowa a kwalabe. Idan an kawo ruwa, mu zuba ta ciki kwana uku. In ta yaɗu, ruwan lafiya. In ta tsaya, ana zargin guba. To, watan jiya aka kawo ruwan gaɓar ƙauyenmu, daidai inda Yaya Deok-su ke noman gim, ganyen tekun nan da ake ci, gansakukar kuwa ta ƙi motsi. Sabon shugabanmu, mai digiri uku da takalmin da bai taɓa shiga laka ba, ya ce zai rubuta a dakatar da girbi. Gabana ya faɗi, don wannan girbin shi ne abincin gidan Yaya na shekara.

Na duba ranar da aka ɗebo ruwan, sai na tuna da Inna. Ka tuna yadda take hana mu wanke gim a bakin gaɓa bayan ruwan sama? Takan ce ruwan kogi ne ke kwanciya a saman na teku, salam kamar miyar marowaci, ta ɗanɗana da yatsa ta tofar. Wallahi har warin rigarta na ji a hancina. An ɗebo ruwan gwajin ne bayan kwana uku ana sheƙa ruwa, daga sama-sama, ba wanda ya auna gishirin.

Na ce wa shugaban gansakukar nan ba guba ta sha ba, gishiri ne bai ishe ta ba. Ya yi dariya, wai ashe yanzu da harshen tsofaffi ake kimiyya. Na ce to ya auna, in ƙarya nake in ajiye aikin. Ya auna, ya ga gishirin ya yi ƙasa sosai. Muka daidaita gishirin muka sake gwaji. Rana ta uku kwalbar ta yi kauri, na shige banɗaki na sha kukana, don kewar Inna ce ta taso min gaba ɗaya.

An yi girbi lafiya. Yaya ya aiko min da gim, yana tsokanata wai ni dai aikina zama cikin inuwa ina kallon kwalba. Bai san komai ba, kai ma kada ka gaya masa.

Ka gaida matarka Hye-rim da 'yarka Na-rae.

Yayarka,
Gyeong-ok