Kun Mayar da Kwamfutata Bebiya

Zuwa ga Manajan kamfanin da aka ba kwangilar sabunta kwamfutocin makarantarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ranka ya daɗe yana lafiya, da iyali da ma'aikata.

Sunana Isiyaku, malamin Hausa ne ni a wata sakandare a yankin Kafin Maiyaki. Hawan jinin ido ya tafi da ganina shekarun baya. Abin da ya hana a sallame ni shi ne wata tsohuwar kwamfuta a ofishin malamai, mai manhajar da ke karanta mini rubutu da murya. Da ita nake shirya darasi, da ita nake tsara jarrabawa, ba tare da na jingina da kowa ba. Tana da nauyin tashi, fankarta na gurnani kamar injin markaɗe, amma tana magana. Sai ga injiniyoyinka.

Na ɗaya. Sun goge babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, sun ɗora sabuwa, ba su tambayi kowa me ake yi da na'urar ba. Ina zaune a wurin na ce musu da sauti nake aiki. Ɗaya ya ce in kwantar da hankalina, sabuwar ta san komai da kanta. Ashe ba ta san katin sautin tsohuwar na'ura ba. Direba take bukata, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa babbar da sassan na'ura, su kuwa ba su zo da ko ɗaya a filashi ba. Wanzami ya zo aski, ya bar aska a gida.

Na biyu. Da shugaban makaranta ya kira su, sai suka ce mu sauke direban daga intanet. Madalla da wannan ilimi! Shi ma katin wayifai ɗin ya mutu, domin sabuwar manhajar ba ta ɗauke da ɗan fayil ɗin da ke tayar da shi. Wato ku kulle mutum a ɗaki, ku ce ya je kasuwar Tudun Wada ya sayo makulli. Waya guda ta intanet da za a soka a bayan na'ura ta isa ta warware wannan, da wani cikinsu ya damu ya ɗauko.

Na uku, ga abin da gyaran gangar Auzinawan nan ya jawo mini. Jarrabawar ƙarshen zango ta matso. Dole na zauna ina faɗa wa abokin aikina, Malam Buba, tambayoyin da baki yana rubutawa. Ofishinmu tagarsa ba ta rufuwa, ni kuma ba na ganin wanda ya raɓe a bayanta. Tambayoyi suka fita, aka soke takardata. Yaran da suka yi karatu tsakani da Allah, har da masu tahowa a ƙafa daga rugage, suka sake zama saboda laifin da ba nasu ba. Bayan haka shugaba ya kira ni, cikin ladabi ƙwarai, yana tambaya ko na fara tunanin hutawa. A aikina ba a taɓa yi mini wannan tambayar ba sai bayan zuwanku.

Ga bukatuna, ba su da yawa. Ku dawo da direbobin sauti da na wayifai a filashi, ku ɗora su. In sabuwar manhajar ta fi ƙarfin na'urar, ku mayar mana da wadda kuka tarar, ba mu ce mun gaji da ita ba. Kuma kafin ku taɓa kwamfutar wata makaranta, ku duba sassan cikinta, ku tambayi mai amfani da ita.

An ce mini mutanenka sun ɗauki hotunan allunan kwamfutocin suna haske, sun kai maka shaidar kammala aiki. To, in sun dawo, ka gaya musu wannan karon ni zan karɓi aikin, kuma ni ba a nuna mini hoto. Sai na ji da kunnena.

Allah ya ƙara wa kamfaninka kasuwa, ya haɗa ka da ma'aikata masu gwada aiki kafin su hau mota.

Wassalam.

Malam Isiyaku,
Kafin Maiyaki.