Baitin da Aka Bari a Waje

Ondarroa, 3 ga Maris

'Yata Garazi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin jami'a? Ƙungiyar girkinmu ta maza zalla za ta cika shekara hamsin a watan gobe. Ki rubuto mana ma'anar waƙar nan ta masunta da muke rerawa bayan cin abinci, mu buga a takardar biki. Ke ce mai digiri. Kada ki tsawaita.

Kawunki,
Ixidro

Bilbao, 9 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa, da fatan gwiwar ta yi sauƙi. Ma'anar ba ta buƙatar digiri. Jirgi ɗaya, tukunya ɗaya, kuma duk wanda ya sha wahalar teku tare da ku ba zai ci abinci a tsaye ba.

Sai dai baiti uku ka aiko, waƙar kuwa huɗu ce. Na huɗun na mata masu ɗinkin raga ne. Yayarka, Innata, ita ta tsara waƙar duka, tana ɗinke ragarka. Shekara hamsin ke nan tana jin ta ta taga, don mace ba ta shiga ɗakinku. Bana ta cika tamanin. Ka ba ta kujera ranar bikin, in rubuta. In babu kujera, zan rubuta cewa waƙar kifi ce.

'Yarka,
Garazi

Ondarroa, 20 ga Maris

Garazi,

Muna lafiya. Wannan baki naki na Innarki Maritxu ne, ba a jami'a kika samo shi ba. Na kai maganar, an jefa ƙuri'a, sha tara da sha tara. Doka ta tsaya. Tsoronsu ɗaya: in ta shiga, za ta ɗanɗana miyarmu ta faɗi gaskiya. Ina tunani.

Kawunki

Ondarroa, 16 ga Afrilu

Garazi 'yata,

Ina gaishe ki. Ban shiga ba. Kawunki ya sa tsofaffin nan suka ciccibo teburin zuwa bakin ruwa, inda muke ɗinkin raga, wai dokar ɗaki ba ta bin tebur waje. Na zauna. Da suka gama rera baiti na uku suka tsaya, sai na ɗauki na huɗu. Kawunki kaɗai ya tuna shi, ya bi ni.

Gishirin miyar ya yi yawa. Ban ce komai ba.

Rubuta musu ma'anar waƙar.

Innarki,
Maritxu