An Yaye Kwano Gab da Damina

Fatakwal,
12 ga Agusta.

Yaya Maiwada,

Assalamu alaikum. Yaya jikin Inna? A gaida Anti Kulu da yara. Ni lafiya lau nake. An rage mana kwanakin aiki, amma ba abin damuwa ba ne.

Na ga hotunan gidan hayarmu na Funtua. Silin ya zubo, bangon baya ya tsage. Laifina ne. Ka ce kada a yaye kwano sai bayan kaka, ni kuwa na kira Malam Awaisu magini a bayan idonka na ce ya fara. Shekara tara a nan ta mantar da ni cewa leburorinmu manoma ne. Ruwan farko na sauka suka tafi shukar masara, suka bar rabin gidan a buɗe.

Don Allah a rufe da tamfol, a jira girbi ya wuce. Kai za ka sayi kwano da katako. A yaye ɗaki ɗaya, a rufe shi, sannan a taɓa na gaba. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ko da Malam Awaisu zai ji haushi.

Da kuɗin hayar nan Inna take sayen magani. Na sayar da babur ɗina, zan riƙa turo mata har 'yan haya su dawo. Na ji ka ce mata kai ka ba da umarnin yaye kwanon. Allah Ya saka maka, amma kada ka sake. Ka ba ta waya ranar Juma'a, zan faɗa mata da bakina cewa ni ne.

Ƙaninka,
Mannir