Tsuntsayen da Wiebe Bai Ji Ba

Yaya Baukje,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya ciwon gwiwar? Ya shago? Ina fata kuna lafiya.

Wiebe ya warke, sai dai akwai abin da nake ɓoyewa, ya hana ni sakewa. Kin tuna ciwon cikin da ya kama mijin nawa a hunturu, aka yi masa allurai masu ƙarfi na kashe ƙwayoyin cuta? Likita ta ce allurar kan taɓa kunne, ta haɗa mu da wani magani da ake jiƙawa a ruwa, wai yana iya kare jinsa. Da na karanta takardar na ga kalmar nan taki, antioksidan, wai sinadarin da ke kare jiki daga lalacewa, wadda na shekara ashirin ina yi miki dariya a kanta, ina cewa da ita kuke yaudarar tsofaffi a shagonki na magungunan ƙara lafiya. Ga shi maganin yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, Wiebe yana yamutsa fuska. Kwana biyu na ba shi, na tura kwalin ƙarƙashin tawul. Da likita ta tambaya na ce yana sha.

Kin san duk bazara da kunne yake ƙirga wa ƙungiyarsu ta masu nazarin tsuntsaye waɗanda ke bakin fadama, shekara talatin ke nan. Ranar Asabar na raka shi. Yaya, ciyawar nan cike take da kukansu, shi kuwa yana tsaye da fensir yana rubuta sifiri. Ya ce ƙananan masu siririyar murya ba su dawo ba bana. Na gyaɗa kai. Jibi zai aika rahoton.

Kunya ta ishe ni. Ki gaida maigidanki Sietse.

Ƙanwarki,
Tjitske

Yaya Baukje,

Na gode da amsarki, da kuma rashin yi mini gorin da na cancanta. Ya gwiwar?

Na koma na faɗa wa likita gaskiya, ta ce ko da ya sha maganin ba tabbas zai kare jinsa, amma jin da ya tafi ba ya dawowa. Ban sami sauƙi a maganarta ba.

Na faɗa masa. Yana shan kofi, rahoton a gabansa bai aika ba tukuna, na ajiye kwalin kusa da kofinsa, na sunkuyar da kai na zayyana komai a hankali, har ƙaryar da na yi wa likita. Da na ɗago sai na ga yana murmushi, ya kai hannu bayan kunne, yana jira in fara.

Sai da na maimaita da ƙarfi, Yaya. Har maƙwabta sun ji.

Taki,
Tjitske