Goran Mahaifina Ba Ganga Ba Ne

Zuwa ga Shugabar gidan tarihin masunta da ke bakin teku.

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da ma'aikatanki.

Sunana Hamidu, ɗan masunta ne daga Gaya ta Nijar, yanzu ina sayar da huluna a bakin titin Fordham Road na wannan gari naku. Da furfurata na shiga makarantar dare, don haka da hannuna na rubuta wannan wasiƙa. 'Yata za ta juya miki ita zuwa Turanci.

Bara kun nemi baƙin garin nan su kawo kayan ruwa na ƙasashensu. Na kawo goran mahaifina, babban duman da masunci ke kifa cikinsa a kai ya ratsa kogi, ya kuma zuba kifinsa a ciki. Murna ta hana ni zama, domin jikata Nafisa, wadda nake wa Hausa tana amsa mini da Turanci, ta fara tambayata labarin kogi. Har ta faɗa wa 'yan ajinsu cewa kakanta ya haye ruwa a kan wannan gora.

Ga kukana.

Na farko, da na kai ta gani, sai muka tarar an rubuta a ƙarƙashinsa wai gangar Afirka ce. Na san inda aka samo wannan. Ranar da na miƙa shi na ƙwanƙwasa shi da yatsa a gaban ma'aikaciyarku, ita kuwa tana ta rubutu. Haka kowane masunci yake yi kafin ya shiga ruwa, don ya ji ko ya tsage. Ba ta tambaye ni ba.

Na biyu, an ajiye shi a ɗakin yara, da sanduna biyu a gefe. Na tsaya ina kallo ana dukansa. Da suka watse na ƙwanƙwasa, muryarsa ta dushe. Akwai tsaga kusa da bakinsa.

Na uku ya fi mini ciwo. Nafisa ta karanta allon, ta ce ashe mijin nata makaɗi ne. Wasan jika da kaka ne, na yi dariya. Amma tun ranar ba ta sake tambayata labarin kogi ba. Malamarsu za ta kawo ajinsu wurinku kafin hutu. Yaran za su karanta allonku, su juyo su kalle ta.

Ina roƙo a ɗauke sandunan nan, a raba shi da hannun yara, a gyara rubutun kafin zuwansu. Idan ba zai yiwu ba, a sanar da ni in zo in ɗauki abina. Gara su tarar da wurin babu komai.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya miki zuriya, Ya sa su yarda da maganarki.

Wassalam.

Hamidu, unguwar Tremont.