Kuskuren 'Yata Nake Kwafawa A Allo

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne. Asabar da Lahadi ina koya wa 'yan sakandaren unguwarmu lissafi kyauta a garejin maƙwabcina. Allon ma ƙyauren tsohon kabad ne muka shafa wa baƙin fenti. Cikin ɗaliban har da 'yata ta fari.

Ni kuwa na tsani a ce ina son kai. In ta ɗaga hannu sai in tsallake ta. In zan nuna kuskure, aikinta nake kwafawa a allo, don ba zan kunyata ɗan wani ba, ita kuwa ai tawa ce. Yara su yi dariya, mu gyara, a wuce. Wallahi ban ɗauke shi komai ba.

Makon jiya na kai hannu kan littafinta, ta danne. Na ja, ta ja, takarda ta yage. Ta tashi ta fita a gaban kowa. Tun daga ranar, gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma ciki-ciki. Yanzu ta haɗa kaya, wai gidan gwaggonta za ta koma har a gama jarrabawar fita. Uwarta ta ce in zaɓa, ajin ko yarinyar. Sauran yaran fa? Wasu ba su da mai duba musu karatu sai ni, ga jarrabawa ta ƙarato. Tsoro nake ji, Anti. In ta fita, anya za ta dawo yadda na san ta?

Uba Mai Alli

Uba Mai Alli, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Niyyarka mai kyau ce, amma lissafinka bai fita ba. Kunyar da ka kare 'ya'yan mutane daga gare ta, kan taka ka jibge ta, mako bayan mako, a gaban sa'o'inta. Sauran suna tashi su koma gida wurin iyayensu. Ita wa za ta kai wa ƙara?

Kada ka rufe ajin. Maiɗakinka ta hango ciwon, sai dai maganin nata zai sa a ce yarinyar ce ta hana 'yan unguwa karatu, ka ga an ƙara mata wani nauyin.

Ka same ta ita kaɗai ka ba ta haƙuri, ban da dogon bayani. Ranar Asabar ka sake ba ta haƙuri a gaban waɗanda suka yi dariyar. Daga yau kuskuren allo kai za ka ƙirƙiro abinka. In ta nace sai gidan gwaggo, ka ɗaukar mata jakar da kanka, ka riƙa leƙa ta, kuma kada ka tambaye ta karatu.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ba yaran sa'a. Ranar da ta dawo garejin nan ta ɗaga hannu, Malam, ka kira ta.